Sojan Da Ya Zo Fareti A Jiƙe

Jama'a, wannan abin da zan ba ku wallahi ba ƙage ba ne, ba kuma wani ya ba ni labari ba, a gabana ya faru da rana tsaka, ina cikin hankalina. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina saurayi ko aure ban yi ba, En'e, wato hukumar gargajiya, ta tura ni Makarfi aikin disfensare, ina ba da maganin zazzaɓi ina wanke miki, mutanen ƙauye suna ce mini likita alhali na san ban kai ba.

Cikin masu zuwa wurina akwai wani tsohon soja mutumin Likoro, Audu sunansa, amma kowa Baba Kofur yake ce masa. Ba wai ya tsufa can ba ne, a ganina bai fi hamsin ba, sai dai kansa ya yi fari fat, kuma yana da wani gyambo a ƙwauri da ya zo da shi daga yaƙin Bama, can Asiya a yaƙin duniya na biyu, ya warke ya tashi, ya warke ya tashi. Duk ranar kasuwa zai zo a kan tsohon kekensa, ya zauna a benci ya miƙe ƙafa, in zuba aidin, mutumin nan ko ƙifta ido ba zai yi ba. Ba shi da yawan magana, ni kuma Allah Ya yi ni da tambaya, to a haka dai wata rana ina naɗa masa bandeji na ji labarin Tanimu.

Tanimu abokinsa ne tun na kiwon awaki, ɗan Kudan, tare aka ɗauke su soja, tare suka hau jirgin ruwa, tare suka shiga dajin nan da ya ce rana ba ta taɓa ƙasa, ruwa kamar da bakin ƙwarya, matsattsaku na shiga har cikin takalmi. Wata safiya suna ƙetare wani babban kogi a kan sandunan gora da aka ɗaure, sai jirgin saman abokan gaba ya sauko ya buɗe musu wuta, gorar ta kife. Ya ce ya riƙe Tanimu da hannun hagu, Tanimu ma ya riƙe shi, ruwa na jan su, har dai ya ji hannun babu kowa. Ba a ga gawa ba. Da ya dawo gida ya je Kudan ya durƙusa gaban uwar yaron, Inna Hassu, ya faɗa mata, sai ta ce, "Audu, ka ga gawarsa?" Ya ce bai gani ba. Ta ce to ɗanta bai mutu ba ke nan. Ta hana a zauna makoki, ta hana a yi sadaka, kuma shekaru kusan ashirin duk sanda ya je gaishe ta sai ta tambaye shi ko an ji labari. Ya ce mini, "Likita, gara harsashi da tambayar nan."

To ana nan, damina ta wuce, ruwa ya ɗauke tun tuni, ana yankan dawa, sai lokacin tunawa da 'yan mazan jiya ya zo. A shekarar a Makarfi aka ce za a yi taron na yankinmu, a filin makarantar firamare, aka kuma yi shela cewa jiragen sama na soja za su bi ta kanmu a hanyarsu daga Kaduna zuwa Kano don girmamawa. Kai, ranar gari ya cika, don da yawa ba su taɓa ganin jirgi kusa ba. Babbar mota ta kwaso tsofaffin sojoji daga Ikara, ta koma ta kwaso na Kudan da Likoro, suka zo cikin kakinsu da ya koɗe, wani wandon ya yi masa kaɗan, wani hannun riga ɗaya a naɗe don babu hannun, lambobi na rawa a ƙirji. Ni kuma aka ce in ɗauki akwatin magani in tsaya bayan sahunsu, saboda rana, kada wani ya yanke jiki ya faɗi.

Wani Saje daga Ikara, mai murya kamar tsawa, shi ke jera su. Baba Kofur yana can ƙarshen sahu, daidai gabana, sai na ga ya bar gurbin mutum ɗaya tsakaninsa da na hagunsa. Saje ya daka masa tsawa ya matsa, ya ƙi, ya sake, ya ƙi, sai wani daga cikinsu ya ce, "Saje, rabu da shi, haka yake yi kullum." Aka rabu da shi.

Hakimi ya zo, Di'o jami'in mulki ya zo, liman ya yi addu'a, aka busa bigila, aka ce kowa ya yi shiru. Filin nan ya yi tsit, ko yara ba su motsa. Cikin shirun ne muka jiyo gurnani daga kudu, yana ƙaruwa yana ƙaruwa, sai ga jiragen sun fito ta saman itatuwan ɗorawa, ƙasa ƙasa, har kana hango kan matuƙin. Kowa ya ɗaga kai. Ni ma na ɗaga, amma wani wari ya sa na sauke, warin taɓo da ruɓaɓɓen ganye, irin na bakin fadama tsakiyar damina, ga wani sanyi da ya bugi fuskata kamar an buɗe randa.

Jama'a, gurbin nan akwai mutum.

Na rantse da Allah da Ya halicce ni, bayansa nake kallo, tazarar da ke tsakaninmu in na miƙa hannu zan taɓa shi. Soja ne siriri, yaro, da malafa mai faɗin baki ta lanƙwashe, kakinsa kore ba irin na sauran ba, kuma jiƙe yake sharkaf, ruwa na zuba daga gefen malafar, na zuba daga gwiwar hannu, na ɗiga a busasshiyar ƙasa ina ganin tana shanyewa. Ƙafa ɗaya takalmi, ɗaya babu. Shi kaɗai a filin nan bai ɗaga kai ba. Hannunsa na dama yana riƙe da wuyan hannun Baba Kofur, shi kuwa Baba Kofur ya ƙame, bai waiwaya ba.

Inuwar jiragen ta share ta kanmu, ƙara ta cika kunne, yara suka ɓarke da sowa, na ƙifta ido, shi ke nan, babu kowa. Sai Baba Kofur ya tafi luu ya faɗo a jikina.

Na kwantar da shi, na kwance maɓallan rigarsa, mutane suka taru ana cewa rana ce, a ba shi iska, a kawo ruwa. Wane ruwa! Hannun rigarsa na hagu tun daga kafaɗa jiƙe yake, sanyi ƙalau, sauran jikin kuwa a bushe. Na juya shi gefe ya yi tari, sai ga ruwa ta baki ta hanci, ruwa mai laka, kamar wanda aka tsamo daga kogi. Da na naɗe hannun rigar, Innalillahi, ga shatar yatsu a wuyan hannun, ga kuma matsattsaku baƙi ƙato ya kafa kai yana sha. A busasshen filin makaranta, da kaka. Da gishiri na cire shi. Saje ya sunkuyo ya gani, ya dubi ƙasar da ta jiƙe a gurbin nan, ya dube ni, ya cire hularsa ya juya. Mutumin da ke ta tsawa tun safe, ban ƙara jin muryarsa ba ranar.

Da Baba Kofur ya farfaɗo, abin da ya fara ce mini shi ne, "Likita, ka gan shi?" Na ce, "Baba, na gani." Ya rufe ido ya ce alhamdu lillahi, da shi kaɗai ne da ya ce hauka ce ta zo.

Ban yarda ya koma shi kaɗai ba, na bi motar da za ta mai da su. Muna isa Kudan bayan la'asar ya ce a sauke shi, sai ya ga Inna. Na ce Baba jikinka, ya ce ko da rarrafe ne. Na riƙe shi muka shiga wani lungu, gidan ƙasa ne ƙarami, muka yi sallama, wata mata ta fito, ashe ƙanwar Tanimu ce, Hajara, idonta ya yi ja. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Yaya Audu, gara da ka zo, tun hantsi Inna ke cewa a kira ka."

Tsohuwar tana zaune a bakin gado, ido ya tafi, sai dai ji. Baba Kofur ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a hankali, ta lalubo kansa ta shafa, ta shafa furfurar nan da gemun, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce, "Audu, Tanimu ya zo."

Ta ce da hantsi, Hajara ta tafi kai abinci gona, ita tana jin wata ƙara can nesa a sama, sai ta ji sallama a bakin ƙofa, muryar da ko cikin kasuwa za ta gane. Ya shigo ya durƙusa nan inda Audu yake, ta kama kansa, jiƙe, sanyi kamar ƙanƙara. Ta ce masa ina ka shiga haka, ya ce, "Inna, sanyi nake ji." Ta yaye mayafinta ta lulluɓe shi, tana cewa bari Hajara ta zo ta hura wuta, sai ta ji mayafin ya zube ƙasa. Hajara ta nuna mana shi a kan igiya a tsakar gida, har lokacin yana ɗiga, ta ce ita ba ta ga kowa ba, ta dai tarar da ɗakin kamar an kifar da tulu.

Baba Kofur ya ce, "To Inna, kin ga ashe..." Ta katse shi. Ta ce, "A'a, Audu. Na shafa fuskarsa. Ko gemu babu, yadda ya tafi haka ya zo. Kai ga shi ka yi furfura. Mai rai tsufa yake yi." Sannan ta ce, "Je ka kira mini liman. A sanar da mutane ɗana ya rasu."

A nan ne na ga ƙaton mutumin nan ya kifa kai a gwiwar tsohuwa yana kuka kamar yaro, ita kuwa ko hawaye babu, tana ta bubbuga bayansa. Na fita zaure na zauna.

Washegari aka zauna makoki aka yi sadaka, mutanen Kudan suna ta mamakin ta'aziyyar mutumin da ya tafi tun suna samari. Baba Kofur kuwa bai ƙara tashi ba. Na yi ta zuwa Likoro a keke ina yi masa allura, in na kara kunne a ƙirjinsa sai in ji kamar ana kaɗa ruwa a gora, na ce a kai shi Zariya ya ƙi, ya ce ba ciwon asibiti ba ne. Kafin a gama sussukar dawa ya cika. Babban malamin asibiti da ke kanmu ya ce ciwon huhu ne, ban yi masa musu ba, me zan ce?

Na tambayi malamai, wani ya ce aljani ne ya ɗauki kamarsa, wani ya ce in bar abin da ban sani ba ga Allah, kuma na bari. Amma har yau da tsufana, in na tuna yadda ruwan nan ke ɗiga daga malafar, sai tsigar jikina ta tashi. Abin da zan roƙe ku kawai, in kun zo addu'a, ku sa da waɗanda suka tafi ba a ga gawarsu ba, ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya san inda suke kwance. Suna da yawa, jama'a, kuma ba mu san halin da suke ciki ba. Allah Ya jiƙansu, Ya sa mu cika a gaban namu.