Jan Babur Ɗin Da Kaka Ya Zaɓa

Har yau idan laka ta faɗa kan salansar babur mai zafi ta yi ƙaurin nan nata, sai in bar wurin. Jiya wani ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gidana bayan an ɗauke ruwa, na kasa amsa masa sallama. Bari in gaya maka dalili, ko da yake faɗar ba ta taɓa rage mini komai ba.

A wani ƙauye muke a ƙasar Doguwa, gindin duwatsu. Mahaifina yana sayen gyaɗa yana kai wa kamfani. Inna kuwa, duk cikin da ta ɗauka bayana sai haihuwar ta zo mata da gardama, a binne jariri, ita ta tashi da kyar. Malamin asibiti yana Tudun Wada, tsakaninmu da shi akwai rafi. Da ta sake samun ciki, mahaifina ya ce wannan karon ba zai dogara da jaki ba, babur zai saya.

A lokacin wani Baturen kuza zai koma ƙasarsu, ya sa baburansa biyu a kasuwa. Muka tafi gani, ni da mahaifina da Kaka. Kaka tsohon dillalin dawaki ne tun zamansa a Bebeji, ko tunkiya ba a saye a gidanmu sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora.

Baburan na kamfani ɗaya ne, injinsu iri ɗaya, ƙirar ce ta bambanta. Ɗaya ja ne gajere, mai faffaɗan tanki, yana ƙyalli, salansarsa dab da ƙasa. Da shi Baturen yake zuwa Kano. Ɗayan baƙi ne dogo, ramamme, duk jikinsa ƙwarzane, da sifirin a baya, tayoyinsa masu kaushi, salansarsa ta ɗaga sama har kusa da sirdi. Da shi yake ratsa daji zuwa ramukan kuza. Mahaifina ya sha haɗuwa da shi a hanya, kuma baƙin ne yake so ya saya.

Kaka ya kewaya su a hankali. Ya shafa tankin jan kamar ƙirjin doki, ya sa aka tayar da shi ya saurari muryarsa. Da ya zo kan baƙin, ya ga wani farin zane a gefe ɗaya na tanki, sai ya ja da baya.

"Abin hawa mai irin wannan tabo ba ya shiga gidana," in ji shi.

Mahaifina ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, dogon ya fi shiga ruwa."

"Yau kai za ka koya mini zaɓen abin hawa?"

Mutanen da suka taru suka yi dariya. Mahaifina ya durƙusa ya ce Allah ya huci zuciyarsa, ya tashi ya sayi jan. Da rani kuwa babu abin da ya fi shi kyau. Kaka yakan zauna a zaure yana kallo ina goge shi, yana tsokanata cewa ya fi ni amfani a gidan.

Naƙuda ta kama Inna da tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, an jera kwanaki ana ruwa. Da hantsi ungozoma ta leƙo ta ce a kira malamin asibiti. Mahaifina ya hau jan babur, na bi shi da gudu har bakin rafi. Ruwan jajawur ne, bai wuce gwiwa ba. Ya shiga, ya kai tsakiya, babur ya yi tari ya mutu. Ya jawo shi zuwa gaɓar can, ya cire fulogi ya goge da hularsa, ya yi ta bugawa har takalminsa ya tsinke. Ina hango shi daga wannan tsallake. Daga ƙarshe ya yar da shi a cikin laka ya zura da ƙafa.

Sun iso washegari, shi da malamin asibitin, suka yi kiciɓis da mutane suna dawowa daga maƙabarta. Inna da jaririn duka aka binne.

Ana zaman makoki, da jama'a suka ragu, Kaka ya matso kusa da mahaifina ya tambaye shi: "Da baƙin ne, da ya haye?"

"A'a, Baba. Shi ma ba zai haye ba."

Kaka ya yi ajiyar zuciya, kuma da wannan amsa ya rayu har ya koma ga Allah. Sai da mahaifina ya tsufa ya gaya mini cewa da idonsa ya taɓa ganin baƙin ya ratsa rafin nan ruwa ya kai cinya. Ya faɗa sau ɗaya, bai ƙara ba. Na san kowa da ajalinsa, amma sanin bai taɓa sanyaya mini zuciya ba.

Yanzu an yi gada a wurin, akwai asibiti kusa, yara suna wucewa a kan babur ba su ma san da rafi a ƙasa ba. Abokaina suna ƙorafin cewa 'ya'yan zamani suna musu da iyayensu. Ni ba na sa baki. Bara ɗana ya zo ya durƙusa a gabana, ya ce in zaɓa masa tsakanin babura biyu. Na sani sarai wanda ya fi kwanta mini a rai. Na ce masa idona ba ya gani.