Abin da Mai Keke Ya Faɗa a Bakin Rijiya

Ƙarar ƙararrawar keke ce ta tsayar da ni. Ina kicin ɗin tsohuwar da nake kula da ita a unguwar Queens, nan ƙasar waje, ina haɗa mata shayi, sai na ji ƙararrawar daga talabijin, sarewa ta biyo bayanta. Tsohuwar Ba'indiya ce, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, tsofaffin finafinan ƙasarsu su ne abokan hirarta. Na leƙo da cokali a hannu. Ga saurayi da jan ƙyalle a wuya yana jingine keke a bakin rijiya, ga budurwa da tulu. Ban taɓa ganin fim ɗin nan da idona ba, amma wallahi na san shi kamar yadda na san ɗakin uwata.

A gidanmu a Kano mace ba ta zuwa sinima. Ba a ma kawo zancen. Mai zuwa shi ne ƙanin babana, Baffa, mai gyaran keke a bakin titi. Mutum ne da magana take yi wa nauyi. In ka gaishe shi sai ya duƙar da kai kamar ya yar da allura. Amma duk Juma'a sai ya je sinima, ranar Asabar da hantsi kuma ya shigo tsakar gida, ya zauna kan kifaffen turmi, ya ba mu fim ɗin daga farko har ƙarshe. A nan yake zama wani mutum daban. Shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne uwa mai kuka. A lokacin ba a fassara finafinan, Indiyanci ne zalla. Mu kuwa mun ɗauka Baffa yana ji. Wa zai yi masa musu a cikinmu?

Asabar ita ce ranar aikin ƙuli a gidan. Har yau in na ji ƙamshin soyayyar gyaɗa sai in ji kamar za a fara fim. Wata maƙwabciyarmu takan shigo ta taya Umma matsar mai. Inna muke ce mata. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu, doguwa ce, dariyarta da wuyar samu. Kowa yakan saki aiki ya saki baki in Baffa ya fara, ban da ita. Tana durƙushe kan akushi tana murza tunkuza, ko ɗago kai ba ta yi.

Sinimar ba ta da rufi, don haka in damina ta kankama sai a yi makonni ba sabon labari. Gidan ya yi mana ƙunci, mu yi ta kallon hadari muna jin haushinsa. Sai Baffa ya maimaita mana na mai keke. Mun ji shi ya fi sau ashirin. Kuma duk lokacin da ya zo bakin rijiyar sai ya rage murya, ya ce saurayin ya ce:

"Wucewa na zo yi, ban yi niyyar tsayawa ba. Sai na ga yadda kike share gumi da bayan hannu don kada mai ya ɓata miki fuska, ƙafata ta ƙi tafiya. In kin ce in tafi zan tafi. Amma gobe ma ta nan hanyata take."

Ina da shekara tara maganar nan ta shiga kaina, ba ta kuma fita ba. Na yanke wa raina cewa haka namiji yake magana in da gaske yake. Ina da goma sha biyu Baffa ya auri Inna, muka ci alkaki, ban kawo komai a raina ba.

Da na isa zance, da maganar mai keken na riƙa auna samari, duk suka faɗi jarrabawar. Wanda na aura ma bai ci ba, haƙurinsa ne ya fi na sauran tsawo. Ranar farko ya tsaya a ƙofar zaure yana murza hula, ya ce, "Ina son ki. Ina tuƙa mota. Ba na shan taba." Shi ke nan. Kamar mai neman aikin gadi. Ban ɓoye masa ba, ni ba na ɓoye abu. Shekara talatin, daga Kano har Bronx, duk faɗan da muka yi sai na ƙare shi da cewa ko sau ɗaya bai taɓa gaya mini maganar da za a riƙe ba. Shi kuwa sai ya ɗauki makullin tasi ya fita. Ni kuma in zauna ina jin an cuce ni, an ba wasu mata magana ni an ba ni direba.

Ban shiga aji ba sai da na haura arba'in, a nan ƙasar, cikin matan Ghana da na Nijar masu furfura irina. Na sha wuya kafin baƙaƙe su daina yi mini rawa. Ranar nan a Queens, akwai rubutun Turanci yana wucewa a ƙasan hoton. Na ajiye cokali. Na matsa gaban talabijin har tsohuwar ta ce na tare mata. Na ƙura masa ido kamar ni ce mai tulun.

Saurayin ya buɗe baki. Na karanta. Cewa ya yi, ina hanyar tashar jirgi. Budurwar ta nuna masa da hannu.

Na ce a mayar baya. Aka mayar. Na zargi karatuna, na ce a sake. Sau uku. Daga ƙarshe na tambayi tsohuwar da guntun Turancina ko akwai abin da masu rubutun suka tsallake. Ta ce babu, hanya ya tambaya, soyayyar sai can gaba cikin waƙa.

Na kasa zama. Na wanke kofin da na riga na wanke. Da 'yarta ta zo karɓata ban jira na isa gida ba, a tashar bas na kira Kano, can la'asar ta yi. Baffa ya tsufa ƙwarai, sai an kara masa waya a kunne. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, ya sanyi?"

"Baffa, na ga fim ɗin mai keke. Hanyar tasha ya tambaya."

Ina jin kukan akuya a bayansa.

"To," ya ce. "Ashe tasha ce."

"Ba ka jin Indiyanci?"

"A ina zan ji shi, Uwata? A wurin faci?"

Sai na ji an karɓe wayar. Muryar Inna ce, tana nan da kaifinta. "Ke, da hankalinki. Yarinya tana ɗiban ruwa a rijiya, me ya haɗa hannunta da mai? Tun ranar farko na gane. Na bar shi ne ya yi ta maimaitawa, in ga ko zai gaji."

"Damina biyu," in ji Baffa daga gefe.

"Uku," ta ce. "Kuma tunda kin tono, mijinki ma ya zo wurinsa kafin ya je zancenki, wai a ara masa maganar fim. Baffanki ya ce tasa tana da mai ita. Ya ce ya je ya gaya miki abin da yake da shi, kada ya ƙara ko ɗaya."

Bas biyu suka wuce ni ina tsaye.

Yanzu 'ya'yana suna kallon fim a waya, kowace kalma a rubuce, ba inda wani baffa zai raɓa ya faɗi tasa. Ba na cewa da ta fi yanzu. Ni da na sha wuya kafin in iya karatu ba zan yabi duhun kai ba. Sai dai nakan tuna akwai mutumin da bai iya kallon mace ido da ido ba, ya ari bakin Ba'indiye har damina uku, ni kuma da ke zaune a gefe na tsinci wasiƙar da ba tawa ba na riƙe.

Da na shiga gida yana ɗaura takalmi zai fita aiki. Ya ce, "Kin dawo? Akwai shinkafa a tukunya." Na tsaya a bakin ƙofa da jakata, na tare masa hanya.

Na ce, "Har yanzu ba ka shan taba?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Har yanzu."