Malam Nababa da Layin Ƙarshe

Ƙarfe bakwai da rabi za ka ji ƙarar babur ɗin Malam Nababa, mai kula da kwamfutocinmu, yana shigowa ɗan asibitinmu na yankin Bukkuyum, ya taso tun daga Nasarawa Burkullu, in damina ce wandonsa duk laka. Ba ya tsayawa gaisuwa sai ya shiga ɗakin kwamfuta ya taɓa wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Mu yi ta tsokanarsa cewa injuna sun fi mu daraja a wurinsa, shi kuwa ya ce, "Ku kuna iya hwaɗin inda ka muku ciwo, su ko ba su iyawa."

Wannan watan ya ajiye aiki, kuma raina bai yarda ya tafi shiru ba.

A 2010, da gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukanmu, ni ke shigar da sakamakon gwajin jinin yara a tsohuwar kwamfutar ofis, wadda muke kira Kaka. Likitoci suka zo da tasu sabuwa fil, kuma jerin sunayen da ya isa cikinta da shi ake ɗauko yaran da za a ba magani. Sai dai babbar manhajar da ke tafiyar da Kaka ta girmi ta sabuwar da shekaru. In an haɗa su da waya an tura fayil, yau ya shige, gobe ya ƙi.

Wata Laraba na tura jerin, allo ya nuna an gama, na miƙe da sauri don direba ya riga ya tayar da mota. Na manta da al'adar Malam. Shi bai taɓa yarda da "an gama" na inji ba, sai an buɗe fayil a inda ya sauka an karanta masa layin ƙarshe da baki.

"Karanto min suna na ƙarshe," in ji shi.

"Haba Malam, mota na jira!"

"Ta jira. Karanto."

Na karanta a fusace. Ya dubi allon Kaka, ya dube ni. "Wanga ba shi ba na. Ina ɗiyan Yargalma?"

Sunayen yara goma sha ɗaya na wannan ƙauyen sun ɓace tsakanin tebur biyu. Cikinsu akwai Lubabatu, 'yar shekara biyu, wadda dalmar jininta ta fi ta kowa, uwarta Saudatu tana can ƙauye tana jiran mota.

Malam ya ja kujera ya bi sawu har ya gano cewa sabuwar tana neman fayil ta hanyar da Kaka ba ta iya ba, sai fayil ɗin ya yanke a tsakiya ba wadda ta yi ƙorafi. Ya gyara saitin sabuwar ta sauko daidai da tsohuwar, ya sake turawa, ya gwada girman fayilolin biyu, ya sa na sake karantawa. Direba na ta danna hon. Mota ta tashi a makare, amma ta bi ta Yargalma.

Kai ne, Malam, mai haƙurin da ya ishi asibiti guda. Ba ka taɓa ba kowa labarin garajena ba, yau ni na tona kaina. Yanzu komai ta iska ake turawa, Kaka tana ɗakin ajiya, amma wallahi ina kewar kwanakin nan da muke cin ƙosai a takarda ɗaya kana yi mini faɗa.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu tasowa a wannan aiki, ku koyi tsayawa ku duba ko da ana danna muku hon.

Watan jiya Saudatu ta kawo jaririnta rigakafi, Lubabatu na biye da ita cikin kayan makaranta. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ka a baranda kamar yadda ake gaida kowane dattijo. Ka amsa, ka tambaye ta ajinta, ta ce huɗu. Ba ta san ko kai wane ne ba, kai ma ba ka faɗa mata ba.