Kwalba Mai Toshin Tsumma

Badamasi ya shigo Masar da niyyar karatu, karatun bai karɓe shi ba, sai ya koma ɗaurin kaya. 'Yan kasuwar Kano da Maraɗi da ke zuwa sarin abaya da turare, shi ke danne musu kaya a buhu, ya ja igiya, ya saɓa a kafaɗa ya sauko da su daga bene. A unguwar Faisal ta Alƙahira yake zaune da matarsa A'i da 'yarsu ƙarama, Nana Khadija. Ba mutum ne mai magana ba. In ka gaishe shi ya amsa, in ka ja zance ya koma kan igiyarsa.

Bayan ɗaurin kaya, abu ɗaya aka san shi da shi: haɗin mura. Sanyin Alƙahira daga ƙasan ɗaki yake tasowa ya shige ƙirji, kuma da ya kama sai Badamasi ya ɗora tukunya. Zoɓo, wanda Misirawa ke kira karkade, da dakakkiyar citta, da kanumfari, da ganyen gwaba. Yakan bar su su yi ta tafasa har ruwan ya koma rabi ya yi duhu, ya tace, ya bari ya huce, sannan ya zuba zuma da lemun tsami. Zuma ba ta hawa wuta, haka Inna, mahaifiyarsa, ta koya masa a Funtuwa. Kuma yadda take yi haka yake yi: a kwalaben lemo yake ɗurawa, ya murɗa wankakken tsumma ya toshe bakin. Bai taɓa cewa haɗin yana warkar da kowa ba. Yana dai tausasa maƙogwaro, yaro ya samu ya yi barci.

A sanyin 2011 gari ya hargitse da zanga-zanga. 'Yan sanda suka ɓace daga tituna, kowace unguwa ta fito da samarinta da sanduna da wuƙaƙen fawa suka tare bakin layi. Gidan Badamasi na kusa da babban titi, hayaƙi ya riƙa shigowa ta taga, tarin da Nana ke yi ya ƙaru. Ya kwashe su ita da uwarta ya kai gidan yayar A'i, Mardiya, can cikin lungu, shi ya dawo gadin ɗaki.

Da layukan waya da aka katse suka dawo aiki A'i ta kira shi.

"Baban Nana, tarin nan ya hana ta barci. Wanda muka zo da shi ya ƙare, kantin maganin nan kuwa a kulle."

"Zan kawo."

"Ba cewa na yi ka fito ba. Ana dukan mutane a hanya."

"Na riga na ɗora tukunya," ya ce, ko da yake sai da ya ajiye wayar ya ɗora.

Ya ɗura kwalba huɗu, ya toshe kowacce da tsummanta, ya jera su a leda. Bayan azahar ya fito.

Samarin layinsu sun san shi, suka ɗaga masa hannu. A wani layi can gaba, inda ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, aka tsayar da shi. Wani dogo mai riƙe da guntun ƙarfe ya tambaye shi da Larabci daga ina yake, ya fizge bakin ledar ya leƙa. Kwalabe, ruwa mai duhu, tsumma a baki. A makon nan babu wanda bai san ma'anar kwalba mai tsumma ba a Alƙahira: fetur ne, a kunna a jefa. Badamasi kaɗai bai kawo haka a ransa ba, don shi tun yana yaro tsumma murfi ne.

"Magani ne," ya ce. Sau ɗaya ya samu faɗa.

Ƙarfen ya sauka a gefen kansa. Ya durƙusa, wani ya zuba masa sanda a gadon baya, wani ya tokare shi da takalmi a haƙarƙari. Jama'a suka taru, masu duka sun fi masu tambaya yawa. Bai kare kansa ba. Ledar ya jawo ƙarƙashin cikinsa ya kifa a kanta, yadda yake danne buhu. Ya ji kwalba biyu sun fashe a ƙarƙashinsa, gilas ya ratsa riga ya shige fata. Dogon ya taka hannunsa na hagu don ya saki, ya ƙi, aka ɗaga ƙarfen aka sauke a kan tsintsiyar hannun. Ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin. Suka zare kwalba ɗaya suka maka ta da ƙasa.

Wani dattijon mahauci ya kutso, ya ture samarin. Ya tsuguna gaban jan ruwan da ke gangara, ya ƙyasta ashana ya jefa a ciki. Ta mutu. Ya sake ƙyasta wata, ita ma ta mutu. Ya dangwala da yatsa ya lasa, ya tofar, don har da jini a ciki.

"Karkade ne da zuma," ya ce.

Ƙamshin citta ya cika bakin layin. Dogon ya ɓoye ƙarfensa a bayansa. Aka kawo kujera, aka kawo ruwa, kowa na cewa ma'alish, ma'alish, wato ya yi haƙuri. Badamasi bai zauna ba. Ya lalubi cikin ledar da hannun dama. Kwalba ɗaya ta tsira, tsummanta na nan daram. Ya cusa ta a hammata ya tashi, suka buɗe masa hanya.

A'i ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi kansa, ta dubi hannun da ke lilo, ta kama bakinta.

"Kawo cokali," ya ce.

"Baban Nana, dubi jikinka."

"Ki wanke bayan kwalbar tukuna, akwai gilas."

Yana tsaye jingine da bango har Nana ta haɗiye cokali biyu tana yamutsa fuska saboda yajin cittar. Sannan ya sulale ya zauna. Ya'ƙub, mijin Mardiya, shi ya nemo likitan da ke hawa na ƙasa ya ɗinke kan, ya ɗaure hannun da katako. Ranar Nana ta yi barci. Tarin bai tafi ba sai da ya ga dama, amma kwalbar ta kai ta har ƙarshensa.

Hannun ya haɗe a karkace. Yanzu da haƙori yake jan igiya, ya danne ƙullin da gwiwa, kuma 'yan kasuwa ba su daina nemansa ba. Wanda ya tambaye shi abin da ya sami hannun, sai ya ce aiki ne.

Da sanyi ya zagayo ya ɗora tukunya kamar kullum. Yana tacewa A'i ta shigo da robobin ruwa masu murfi, wankakku, ta jera su kusa da shi, ta fita. Ya daɗe yana kallonsu. Tsumman da ya riga ya yanka ya wanke yana kan cinyarsa. Ya linke shi ya sa a aljihu, ya jawo robar farko.