Ranar da Anti Sikeli ta ƙi sa hannu

Kafin jirgin farko ya kunna inji, Anti Sikeli ta riga ta zauna a ɗan ofishinta mai taga ɗaya da ke kallon titin jirgin sama. Ta ajiye filas ɗin shayi, ta feƙe fensir, ta kira hasumiyar kula da jirage ta tambayi zafin gari da inda iska ta dosa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Aikinta lissafin nauyi: fasinja nawa, kaya kilo nawa, mai nawa, kuma a wane ɓangaren jirgi za a jera kowanne. Sai ta sa hannu a takardar lodi matuƙi yake tashi. Fasinja ba su san da ita ba, sai dai su tsine mata a jumlace idan an makara. Masu lodi ne suka sa mata sunan, don ko jakar hannu ta ɗaga sai ta faɗi kilonta. Tana yawan gaya mana cewa jirgi mai nauyi yana bukatar doguwar hanya kafin ya bar ƙasa, idan gari ya yi zafi kuma bukatar ta ƙaru. "Titin kuwa ba roba ba ne," in ji ta.

Ni ne manajan tashar kamfaninmu, wato ogan Anti a takarda. Kuma ni ne na taɓa ƙoƙarin raba ta da aikinta.

Wata rana ce da tsakar rana, kwalta har tiriri take. An rufe mita ɗari biyar na ƙarshen titin saboda gyara. Jirginmu ya cika maƙil, mutum ɗari da arba'in da ɗoriya, ga katan-katan na kayan inji, ga hedikwata ta dame ni da waya don mun makara sau uku a makon. Kwamfuta ta ce nauyin ya yi daidai. Anti ta duba, ta sake bugawa da fensirinta, ta ture takardar gefe.

"Oga, ba zan sa hannu ba."

"Anti, na'ura fa ta ce lafiya lau."

"Na'urar ba ta san an rage titi ba. Tsohon tsawon take lissafawa. A sauke tan biyu, ko a jira gari ya yi sanyi."

Na lallashe ta, na yi mata Allah-Annabi, ko gezau. Daga nan na fusata na ce in jirgin nan ya wuce lokacinsa, ta nemi wani aikin. Na san 'ya'ya huɗu take riƙe da su ita kaɗai tun rasuwar mijinta, kuma da sanin nawa na faɗa. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Ta kalle ni ta ce, "Ƙanena, in ka kore ni zan koma gida da ƙafata. Su fa?" Ta nuna jirgin ta taga.

Ta ɗauki takardarta ta ratsa filin cikin ranar nan, ta hau matakala har wurin matuƙi. Ni kuwa na zauna na rubuta mata takardar dakatarwa. Ban gama ba matuƙin ya kira ni ta rediyo, muryarsa a sanyaye. Ya ce shi ma da cikakken tsawon titin ya yi nasa lissafin, yanzu ya sake, kuma ko taya ba zai motsa ba sai an sauke abin da ta ce.

Aka sauke. Jirgin ya tashi da makarar awa ɗaya da rabi. Direban motar kashe gobara, wanda ke tsaye kusa da wurin gyaran, ya zo ofis daga baya bai ko yi sallama ba. Ya ce duk da rage kayan, tayoyin ba su bar ƙasa ba sai dab da shingen wurin gyaran, har ma'aikatan suka watsar da shebur suka kwanta. Ya tambaya, "Da ba a rage ba fa?" Na yayyaga takardar dakatarwar, na je ban haƙuri. Anti ta ce in na gama, in taimaka a gyara lissafin na'urar kafin jirgin yamma.

Anti, ke ce katangar da ba a gani. Ba a taɓa kiran sunanki a labarai ba, domin hatsarin da aka hana ba shi da hoto. Mutanen jirgin nan sun sauka suna ƙorafin makara, sun je sun aurar da 'ya'ya, sun ga jikoki, ba su san wa za su gode wa ba. Ni na sani. Na gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai albarka.

Ku kuma da ke riƙe da biro a kowace ma'aikata, ku yi koyi da ita, kada ku sa hannu a kan abin da ba ku auna ba.

Ana ta tambayata yaya za mu yi bayanta. Hankalina kwance yake. Makon jiya, matar da Anti ta horar don ta gaje ta ta shigo ofishina da takardar lodi, ta ce, "Oga, an yi ruwa, titi da santsi. A sauke kilo ɗari bakwai."

Na ce, "To, ranki ya daɗe." Na miƙe na je na kira masu lodi da kaina.