Naja'atu, Mai Yi wa Kwamfuta Tafinta

Kafin a gama share asibitin ƙauyenmu da ke ƙasar Kebbe, Malama Naja'atu ta riga ta jona ƙaramar kwamfutarta da batirin sola, ta shimfiɗa tabarma ga masu ciwon gaɓɓai. Mu a nan duk ciwon gaɓa "sanyi" ne. A sha ƙwayar kemis, in ya ƙi a tafi wurin wanzami ya yi ƙaho.

Manhajar da ke cikin kwamfutar tambayoyi take yi, ta auna amsoshi, sannan ta faɗi cutar da take zato. Matsalar ita ce da agogo take magana, mutanenmu kuwa ba su san shi ba. In ta tambayi minti nawa yatsu ke yi a sandare da safe, sai majinyaci ya ce, "Da dama." To, me na'ura za ta yi da "da dama"? Naja'atu ce ta sake wa tambayar riga. Takan ce, yatsun sukan saki kafin a idar da sallar asuba, ko sai shanu sun fita kiwo?

Da wannan tambayar ta ceto hannuwan Atu, matar Bube makiyayi, wadda ta kai ba ta iya tatsar saniya. Atu ta ce sai hantsi suke saki, kuma hannu biyun ne. Kwamfuta ta nuna zaton amosanin da ke cin gaɓɓai, irin wanda jinkiri ke sa ya nakasa mutum. Bube kuwa ya ɗaure kaya, zai yi kudu da shanu. Naja'atu ta hau babur ta bi su har ruga, ta ƙi shan furarsu sai ya yarda a kai Atu babban asibiti. Ya yarda. Likitocin Sakkwato suka gwada jini, suka tabbatar, aka fara magani.

Da damina, ina wurin, Atu ta dire ƙwarya a gaban Naja'atu. Ta ce, "Malama, wanga nono ni nit tatso shi da hannuna." Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Naja'atu, ke ce kunnen na'ura, ke ce bakin marar lafiya. Mun gode, Allah Ya saka miki. Sauran ma'aikatan lafiya, an ba ku kwamfuta, madalla. Ku koyi tambayar mutane yadda za su iya amsawa.