Gonar da Na Mayar Tafki

A shekararmu ta ƙarshe a sashen kwamfuta a Birnin Kebbi, malaminmu ya ce ɗalibi ɗaya tak zai ɗauka cikin aikinsa na zana taswirar fadamar Rima daga hotunan tauraron ɗan'adam. Ni dai na riga na ba kaina gurbin. Wa zai ja da ni? Ɗan unguwar Badariya ne ni, ɗan birni, tun ina firamare nake taɓa kwamfutar babana.

Abokin zamana a aji kuwa ɗan manoman Argungu ne, da yatsa biyu yake buga rubutu kamar kaza na tsattsagar gero. Ni na koya masa yadda ake adana fayil.

Aka ba mu hoton rani na gefen Argungu, aka ce kowa ya sa kwamfuta ta ware ruwa, gona da gari. Kwana biyu na gama. Shi ya yi mako yana zufa.

Ranar gabatarwa na haska taswirata a bango, ina ta baza ilimi. Sai abokin nawa ya ɗaga hannu, ya nuna wani shuɗin fili da na rubuta wa tafki.

"Malam, wanga ba tabki na ba," ya ce. "Gonakkin shinkahwa na. An sako musu ruwa za a yi dashe. In an jima kaɗan duk kore za ka gani."

Malam ya buɗe hoton watan gaba. Tafkina ya zama kore shar. Ashe kusan rabin ruwan da ke taswirata gonaki ne. Abokin nawa kuwa ya ware nasa daidai, don ya san lokacin da kowane yanki ke dashe, har ya nuna inda albasa take. Aji ya ɗauki tafi. Na tafa ni ma, amma hassada ta cika min ciki.

Shi aka ɗauka. Da yamma ya same ni a bakin titi ina jiran Keke Napep, fuskarsa fal murna.

"Abokina, ka san hannuna bai kai naka ba. Ara man kwamhyutarka, ka ƙara koya man kahin mu hwara."

Na ce masa ta lalace. Ya yi min jaje sosai, har ya ce ya san mai gyara a unguwar Nasarawa, zai raka ni. Tana cikin jakar da ke bayana, lafiyarta lau.